Jingina Kafin A Jira: Matakan Da Muka Bi A Kotun Landan Kan Hukuncin Sasanci Na Ƙasa Da Ƙasa

Kamfanin da muka tsaya wa ya kai kaya ne ba a biya shi ba. Kwangilar ta ce duk saɓanin da ya taso kwamitin sasanci ne zai yanke shi, kuma a ƙasar mai sayen kayan za a zauna. Kwamitin ya zauna, ya saurari kowa, ya yanke cewa a biya da dalar Amurka, da kuɗin ruwa a kai har ranar da aka biya. Wanda ake bi bai biya ba. Ya tafi kotun ƙasarsa ya nemi a soke hukuncin, cikin wa'adin da dokarsu ta ba shi. Mu kuma muka nufi Kotun Kasuwanci da ke Landan, saboda ta bankunan can ne kuɗin cinikinsa ke ratsawa. Daga nan shari'a ta rabu gida biyu, kuma duk abin da ya biyo baya a Landan ya rataya ne a kan tambaya ɗaya: in za a jira kotun can, me za a riƙe a hannu kafin ta gama?

Abin da ya buɗe mana ƙofar Landan shi ne Yarjejeniyar New York ta 1958, wadda ƙasashe sama da 170 suka shiga. Najeriya ta shiga a 1970, Birtaniya a 1975. Sashe na 5 na Yarjejeniyar ya lissafa 'yan dalilan da za su sa kotu ta ƙi zartar da hukuncin da aka yanke a wata ƙasa. Sashe na 6 jimla ɗaya ce tal: idan an nemi a soke hukuncin ko a dakatar da shi a ƙasar da aka yanke shi, kotun da aka kawo wa neman zartarwa tana iya ɗage nata hukuncin, kuma idan mai bin bashin ya roƙa, tana iya umartar ɗaya ɓangaren ya ajiye jinginar da ta dace. Ingila ta ɗauki wannan jimla kusan yadda take ta zuba a sashe na 103(5) na Dokar Sasanci ta 1996. Dokar Sasanci da Sulhu ta Najeriya ta 2023 ma tana da irinta a sashe na 58.

Matakin farko ba ya buƙatar a sanar da wanda ake bi. Muka cike takardar ƙarar sasanci, muka haɗa ta da rubutacciyar shaidar lauya, muka liƙa abin da sashe na 102 ya nema: asalin hukuncin da aka tantance ko tabbataccen kwafinsa, asalin yarjejeniyar sasancin ko tabbataccen kwafinta, sai fassara idan ba da Ingilishi aka rubuta su ba, wadda tafinta mai rantsuwa ko jami'in ofishin jakadanci ya tabbatar. Dole shaidar ta faɗi sunan kowane ɓangare da adireshinsa na ƙarshe da aka sani, ta kuma faɗi ko ba a biya komai ba, ko nawa ya rage. Kuɗin ruwa yana da nasa lissafin daban: daga wace rana ya fara, kashi nawa ne, a kan uwar kuɗi kaɗai yake hawa ko har da ruwan da ya taru, nawa ya kai zuwa ranar shigar da takarda, kuma nawa yake ƙaruwa kowace rana. A nan ake yawan samun tuntuɓe, don wasu kwamitocin ba sa fayyace ko ruwan mai ninkuwa ne, kuma kotun zartarwa ba za ta ƙara wa hukunci abin da babu a cikinsa ba.

Tun da alƙali zai duba takardar shi kaɗai ba tare da ya ji ta bakin ɗaya ɓangaren ba, wajibi ne a gaya masa duk abin da ba ya yi mana daɗi. A shafin farko muka rubuta cewa akwai ƙarar soke hukuncin a kotun can, muka liƙa kwafinta, muka taƙaita dalilanta kamar yadda lauyan wanda ake bi zai so a faɗe su. Wanda ya ɓoye wannan yana iya rasa umarnin saboda ɓoyewar kaɗai, ko da hukuncinsa ba shi da wani aibu.

Umarni ya fito yana ba mu izinin zartarwa. Mai kamfanin ya kira yana murna: "Barista, ke nan gobe za mu kama asusun?" Amsar ita ce a'a. Ƙa'idojin kotun sun ba wanda ake bi kwana 14 daga ranar da aka miƙa masa umarnin ya nemi a jingine shi, ko wani wa'adi da kotu ta ƙayyade idan a wajen Ingila za a miƙa masa. A cikin wannan wa'adi ba a taɓa ko sisinsa, kuma idan ya shigar da buƙata, hannunmu a ɗaure yake har a gama sauraronta. Da gwamnatin wata ƙasa ce ake bi, da abin ya fi haka tsawo, domin sai an bi ta ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya an miƙa mata, sannan a ƙara mata wata biyu. Kotun Ƙolin Birtaniya ta tabbatar da hakan a 2021 a shari'ar General Dynamics da Libiya.

Takardar da wanda ake bi ya shigar ita ce wadda ya kamata a karanta da natsuwa fiye da kowace, saboda a kanta maganar jingina take tsayawa ko ta faɗi. Hanya biyu ce a gabansa. Yana iya cewa kotun Landan ta ƙi zartar da hukuncin bisa ɗaya daga dalilan sashe na 103(2) ko (3), misali ba a ba shi damar kare kansa ba, ko kwamitin ya wuce hurumin da aka ba shi, ko da zamba aka samo hukuncin. Yana kuma iya cewa a dakata har kotun ƙasarsa ta gama. In ya nemi ta biyun, ya buɗe ƙofar jingina da hannunsa, kamar wanda ya roƙi a ɗaga masa ƙafa zuwa kaka aka ce to ya ajiye wani abu a hannun dillali. In ta farko kaɗai ya nema, ba a ɗora masa jingina don a saurare shi.

Wannan bambanci bai fito sarari ba sai da shari'ar IPCO da NNPC ta kai ƙoli. Asalinta kwangila ce ta 1994 ta gina tashar fitar da mai ta Bonny. A Oktoban 2004 kwamitin sasanci da ya zauna a Legas ya yanke NNPC ta biya IPCO, kamfanin da aka ba kwangilar, sama da dala miliyan 152, da ruwa kashi 14 cikin ɗari a shekara. NNPC ta kai ƙara Babbar Kotun Tarayya, IPCO ta tafi Landan. A Afrilun 2005 Mai Shari'a Gross ya ce a biya kimanin dala miliyan 13 nan take, ya ɗage sauran bisa jinginar dala miliyan 50. A 2008, ganin shari'ar Legas ta maƙale, Mai Shari'a Tomlinson ya ba da umarnin biyan wani kaso, aka kuma ƙara jinginar dala miliyan 30, ta zama 80. Daga baya NNPC ta taso da zargin zamba. A 2015 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta ce jiran ya isa haka, a saurari zargin zambar a Landan, amma sai NNPC ta ƙara ajiye dala miliyan 100, in ba ta ajiye ba IPCO ta zartar. Ranar 1 ga Maris 2017 Kotun Ƙoli, ta bakin Lord Mance, ta cire wannan miliyan 100. Dalilinta: tun da a Landan za a yanke maganar zambar, babu wata kotun waje da ake jira a kanta, don haka babu ɗagewar da sashe na 103(5) yake nufi. Jingina farashin ɗagewar da wanda ake bi ya nema ce, ba a ɗora ta a kan wanda ya zo da kariyar da ta cancanci a saurara. Miliyan 80 ta farko ta ci gaba da zama.

Tun kafin wannan, a 2002, shari'ar Dardana da Yukos ta nuna ɗaya gefen. Yukos, wadda ake bi, ta ce ita ba ta cikin yarjejeniyar sasancin, ta kai ƙara Suwidin inda aka yi sasancin, amma a Landan babbar buƙatarta ita ce a ƙi zartarwa, jira kuwa madadi kawai ta sa shi. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yarda a ɗage, ta kuma cire jinginar da alƙalin farko ya ɗora. Lauyoyin waɗanda ake bi sun koyi wannan darasi sarai. Mai wayo a cikinsu ba ya furta kalmar ɗagewa. Sai ya jera kariyarsa ya bar kotu ko mai bin bashin su kawo maganar jira. A tamu shari'ar wanda ake bi ya nemi duka biyun, kariya da ɗagewa, saboda yawancin dalilansa na dokar ƙasarsa ne kuma ya fi son alƙalan gida su duba su. Nan take muka shigar da tamu buƙatar. Doka ta ce sai mai bin bashi ya roƙa, don haka ba a barin ta sai ranar zama a ambata da baki. Muka nemi abu uku a jere: a ƙi ɗagewar, in ba haka ba a zartar da ɓangaren da ba a ƙalubalanta ba, sauran kuma a ɗage bisa jingina.

Ma'aunin da alƙali zai yi amfani da shi sananne ne. Mai Shari'a Gross ya tsara tambayoyi uku a 2005: ƙarar da aka kai can da gaske ake yi ko dabarar ja da lokaci ce, tana da yiwuwar nasara ta haƙiƙa, jiran zai kai yaushe kuma wace cuta zai jawo. A ƙarƙashinsu akwai tsohuwar shari'ar Soleh Boneh da gwamnatin Yuganda ta 1993, inda Mai Shari'a Staughton ya ajiye abubuwa biyu. Na ɗaya ƙarfin hujjar da ke cewa hukuncin ba shi da inganci, a duba ta a taƙaice. Idan a fili yake hukuncin ɓatacce ne, a ɗage ba jingina. Idan a fili yake ingantacce ne, a zartar nan take ko a ɗora jingina mai nauyi. Mafi yawan shari'o'i a tsakani suke faɗawa. Na biyu, ko jiran zai sa karɓar kuɗin ya ƙara wuya.

A kan na ɗayan, kowane ɓangare ya kawo rahoton masanin dokar ƙasar da aka yi sasancin. Kuskuren da ake yi shi ne a bar masanin ya rubuta littafi. Alƙalin Landan ba zai yanke ƙarar can ba, leƙawa kawai zai yi, kuma rahoto mai shafi ɗari yana nuna masa cewa maganar tana da zurfi, wato abin da wanda ake bi yake so ya gani ke nan. Muka ce wa namu masanin ya ɗauki dalilan ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi sashen dokar, ya kawo hukuncin babbar kotunsu da ya fi kusa, ya ce wannan dalili yana da ƙafa ko ba shi da ita. Inda dalili yake da ƙarfi ya amsa cewa yana da ƙarfi. Wannan amsawar ita ta sa alƙali ya gaskata shi a sauran. Muka kuma roƙe shi abin da ake yawan mantawa: matakan ɗaukaka ƙara nawa ne a can, kowanne yakan ɗauki wane lokaci, kuma wane ne ya jawo ɗage-ɗagen da aka yi zuwa yanzu, da kwafin rijistar kotun a matsayin shaida.

Sannan muka yanka hukuncin gunduwa-gunduwa a tebur ɗaya: kuɗin kayan da aka karɓa aka sa hannu, kuɗin jinkirin sauke kaya, asarar riba, kuɗin shari'a, da ruwan kowanne. A gaban kowane layi muka rubuta dalilin ƙarar can da ya taɓa shi. Sai ga shi babu dalili ko ɗaya da ya taɓa kuɗin kayan da aka karɓa. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar a 2008, a cikin shari'ar IPCO, cewa ana iya zartar da wani ɓangare na hukunci a bar saura, muddin ana iya ware shi daga rubutun hukuncin kansa. A ganina wannan tebur ya fi duk wata doguwar muhawara amfani, domin kuɗin da aka biya ya shiga aljihu, jingina kuwa tana hannun banki.

Abu na biyu na Staughton shi ne inda aka fi zufa, kuma inda masu bin bashi suka fi zuwa hannu rabbana. Cewa wanda ake bi ba shi da niyyar biya ba hujja ba ce. Duk wanda aka kawo kotu haka yake. Abin da ake nema shi ne a nuna cewa matsayinmu na yau zai lalace kafin a gama jira. Idan kadarorinsa a Ingila suna nan daram kuma za su kasance, jiran bai cuce mu sosai ba. Idan kuma ba shi da komai a Ingila, bai taɓa samu ba, ba zai kuma samu ba, nan ma hujjar jingina ta yi rauni, don ba a yi ta domin a ba mai bin bashi abin da da ma ba zai samu ba. Wanda ke tsakiya shi ne namu: yana da abin kamawa yau, kuma akwai alamar ba za a same shi gobe ba. Muka tattara rahotannin kuɗin kamfanin na shekarun baya muka jera su gefe da gefe, muka duba rijistar kamfanoni don ganin sababbin jinginar da ya ba bankuna a kan kadarorinsa bayan fitowar hukuncin, muka bi ribar da ya raba wa masu hannun jari, da kwangilolin da a da sunansa ke kai yanzu kuma sunan wani ƙanen kamfani. Akanta mai zaman kansa ya haɗa su a rahoto gajere. Ranakun su suka yi magana: abin da aka yi kafin hukunci ciniki ne na yau da kullum, abin da aka yi bayansa sai an yi bayani.

Shi kuma ya ce jingina mai yawa za ta durƙusar da shi. Kotu tana sauraron wannan, amma nauyin hujja a kansa yake, kuma ba ya isa ya nuna asusunsa babu kuɗi. Sai ya nuna ba zai iya samu daga masu kamfanin ko bankunansa ba. Wanda ke biyan manyan lauyoyi a ƙasa biyu yakan sha wuya wajen wannan bayani.

Babu wani ƙayyadadden kaso da doka ta yanka. A Soleh Boneh Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage jinginar zuwa dala miliyan 5. A IPCO an fara da 50 a kan hukuncin 152. A shari'ar kamfanin AIC da Hukumar Filayen Jiragen Sama ta Najeriya, kan filin otal a tashar jirgin Murtala Muhammed da ke Legas, hukuncin 2010 dala miliyan 48.124 ne, aka ɗora jinginar dala miliyan 24.062 a 2019, rabin uwar kuɗin daidai. Abin lura shi ne ruwa. Kashi 14 a kan miliyan 152 ya haura miliyan 21 a shekara, wato cikin shekara uku ruwa kaɗai ya wuce jinginar miliyan 50. Saboda haka ba mu gabatar da adadi ɗaya ba. Muka nuna wa alƙali abin da bashin zai kai a ranar da masanin wanda ake bi da kansa ya ce za a gama a can, muka nemi a auna jinginar da wannan adadi. Bai ba mu duka ba. Ya zartar da kuɗin kayan, ya cire ɓangaren asarar riba daga lissafin jingina saboda ya ga ƙalubalen da aka yi masa yana da ƙarfi, ya ɗora jingina a kan sauran.

Daga nan aiki ya koma kan rubutu, kuma a nan ne nasarar da aka samu a zaure take iya zubewa. Jingina iri biyu aka saba: a zuba kuɗi a asusun kotu, ko a kawo takardar lamuni daga babban banki da ke Landan. Waɗanda ake bi sun fi son ta biyun. Mun yarda, bisa sharaɗin a liƙa rubutun takardar a jikin umarnin, kalma da kalma, don kada a dawo ana jayayya a kan abin da ake nufi da lamunin da ya dace. Muka tsaya a kan cewa da dala za a rubuta ta, tun da hukuncin da dala yake. Jinginar da aka ajiye da wani kuɗi tana iya narkewa in canji ya juya. Bankin ba zai iya janye ta ba. Zai biya da zarar an kawo masa takardar nema tare da kwafin umarnin kotun Ingila mai hatimi, ko yarjejeniyar da ɓangarorin biyu suka sa wa hannu, ba tare da ya tambayi wanda ake bi ba, ba tare da cire komai ba, cikin 'yan kwanakin aiki da aka ƙayyade. Dokar Ingila ce za ta mulke ta, kotun Ingila ce za ta saurari rigimarta, kuma a Landan za a miƙa takardar nema.

Wa'adin ƙarewa shi ne inda aka fi ja. Bankuna ba sa son lamuni marar ranar ƙarewa, shari'a kuwa ba ta da rana. Mafitar da aka saba ita ce a ba ta shekara ɗaya mai sabuntuwa, da sharaɗin cewa in ba a sabunta ba kafin wasu kwanaki da ƙarewarta, muna da ikon neman kuɗin gaba ɗaya a zuba a asusun kotu. In babu wannan sharaɗi, wata rana za a wayi gari ana riƙe da takardar da ta mutu, ɗagewa kuma tana nan.

Samo takardar ma ba abin kwana biyu ba ne, kuma yana da kyau mai bin bashi ya san haka don kada a ruɗe shi, kada kuma ya nemi wa'adin da ba zai yiwu ba. Bankin Landan ba ya sanin kamfanin, don haka bankin gida ne zai tsaya masa da nasa lamunin, shi kuma ya nemi a ajiye masa tsabar kuɗi ko kadara, ga binciken asalin kuɗi, ga ladan da ake biya kowace shekara. In hukumar gwamnati ce, sai an bi ta ma'aikata da babban banki. Shari'ar AIC ta nuna abin da ke faruwa in aka makara. Hukumar ba ta kawo takardar a ranar da aka sa ba, aka ƙara mata lokaci zuwa 14 ga Nuwamban 2019, nan ma ba ta kawo ba. Ranar 6 ga Disamba Mai Shari'a O'Farrell ta ba AIC izinin zartarwa. A ranar nan, bayan an tashi daga kotu kuma kafin a buga wa umarnin hatimi, sai ga takardar lamunin ta iso. Rigimar ko alƙaliyar tana da ikon sauya umarninta ta kai har Kotun Ƙoli, wadda a Yunin 2022 ta mayar da ɗagewar amma ta bar wa AIC kuɗin lamunin da ta riga ta karɓa. Makarar 'yan makonni ta fitar da sama da dala miliyan 24 daga hannun banki zuwa hannun mai bin bashi.

Shi ya sa muka kula da sakin layin da ke faɗin abin da zai faru in ba a ajiye ba. Bayan hukuncin 2017, ba daidai ba ne a rubuta cewa rashin ajiyewa ya shafe duk kariyar wanda ake bi. Abin da ya rasa shi ne ɗagewar. Muka rubuta cewa ɗagewar ta faɗi da kanta a ranar, ba sai an sake zama ba, kuma za a sa ranar sauraron sauran kariyarsa cikin gaggawa. Muka sa rana da sa'a, agogon Landan, da cewa asalin takardar ce za ta iso ofishin lauyoyinmu, ba hotonta ta imel ba. Muka ƙara da alƙawarin da wanda ake bi ya ɗaukar wa kotu cewa zai bi ƙararsa ta can ba tare da jan ƙafa ba, da rahoton inda aka kwana duk wata shida, da izinin kowane ɓangare ya dawo in al'amura suka sauya. Wannan izini ba ƙofar sake muhawara ba ce. Sai an nuna sauyi na gaske, irin maƙalewar da ta sa Tomlinson ya sake duba umarnin Gross.

Akwai abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa da wannan. Umarnin hana taɓa kadara daban yake: ba ya ba mu fifiko a kan sauran masu bin bashi, yana buƙatar hujjar cewa ana shirin karkatar da dukiya, amma ana iya nemansa ko da babu ɗagewa, kuma Lord Mance da kansa ya ambace shi a matsayin hanyar da ta rage. Haka kuma in a Landan aka yi sasancin, wasu sassa ne ke aiki, irin su 70(7), da ikon kotu na sa sharaɗi kafin ta dakatar da zartarwa. Dala miliyan 200 da aka ce Najeriya ta ajiye a Satumban 2019 a shari'arta da kamfanin P&ID ta wannan hanya ta zo, sharaɗin dakatarwa ce kafin ɗaukaka ƙara, ba ta sashe na 103(5) ba.

Takardar lamunin ta iso cikin wa'adi. Muka gwada ta da rubutun da ke jikin umarnin layi bayan layi, muka tuntuɓi bankin ta hanyar da ba wanda ake bi ne ya ba mu ba don ya tabbatar shi ya fitar da ita kuma masu sa hannun suna da iko, sannan muka adana asalin.

Da kotun can ta yi watsi da ƙarar sokewar, wanda ake bi ya ɗaukaka ƙara, ya ce ɗagewar Landan tana nan har a ƙure duk matakai. A nan jimla guda ta yi aiki. Umarnin ya ce ɗagewar tana ƙarewa da hukuncin kotun matakin farko, duk mai son a tsawaita sai ya dawo ya roƙa. Da an rubuta har a kammala shari'ar, da mun ci gaba da jira shekaru a kan jinginar da aka auna da lissafin da ya tsufa. Ya dawo ya roƙa, amma yanzu akwai hukuncin alƙalin ƙasarsa da ya ce dalilansa ba su tsaya ba, ma'aunin Staughton ya karkata. Kotu ta ƙi tsawaitawa, ta ba da umarnin da takardar lamunin ta ambata.

Takardar neman biya mun kwafe ta ne daga samfurin da ke liƙe da lamunin, ba mu gyara ko waƙafi ba. Banki takarda yake dubawa, ba gaskiyar magana ba, kuma yana da ikon mayar da nema in sunan kamfani ya bambanta da harafi ɗaya, ko lambar lamunin ta kauce, ko kwafin umarnin ba shi da hatimi, ko an kai wani reshe ba wanda aka rubuta ba. Muka miƙa ta hannu da hannu, aka buga mana tambarin karɓa da rana da sa'a. Abin da bankin ya biya an fara cire shi ne daga kuɗin ruwa kafin uwar kuɗi, kamar yadda muka nemi a rubuta a umarnin, ragowar bashin kuma muka bi shi ta umarnin kama kuɗin da wasu kamfanoni a Landan ke riƙe wa wanda ake bi.